Asusun Zafi: Wasiƙa ga Jikana Mai Ƙera Inji

Jikana,

Tun ranar Asabar da ka kawo injin nan naka zaure ka kunna mana, tunaninsa bai bar ni ba. Na ga yadda ka dasa gwangwanin madara a kan 'yar fitila, ka jira kamar minti biyu, ka ɗan ture wilin da yatsa, sai ga shi ya kama juyi, ƙyat-ƙyat-ƙyat, babu fetur, babu fulogi, babu salansa. Yaran unguwa suka cika ƙofa, kakarka ta leƙo ta bayan asabari tana salati. Ni kuwa na yi shiru, har ka ɗauka abin bai burge ni ba. Ya burge ni ƙwarai. Abin da ya ɗaure mini baki maganar da ka yi ce bayan an watse, wai idan ka ƙera babba ka hura masa wuta sosai, zai ja ruwa a fadama kafin rani ya kama. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, don in da baki ne za ka ce tsoho ya fara surutunsa, kana jinjina kai idonka na kan waya.

Ka tuna na ɗora tafin hannuna a kan murfin sama, inda ya kamata a ji sanyi? Da farko sanyi ƙalau. Bayan kamar minti goma na sake taɓawa na janye ba shiri. Daidai lokacin ne wilin ya fara jan ƙafa, ya yi 'yan juyi na kasala, ya tsaya cak. Kai ka ce man fitila ne ya yi ƙasa. Fitilarka lafiyarta lau. Zafin da ka saya da kuɗinka ne ya bi ta cikin injin ya fita ta sama bai yi maka aikin komai ba, kamar baƙon da ya shiga ta zaure ya fice ta ƙofar baya ko sallama babu.

Ka san yadda abin yake aiki, tunda kai ka haɗa, amma bari in maimaita da bakina don mu yi magana da harshe ɗaya. Iskar da ke cikin gwangwanin nan kulle take, ba ta fita, wata ba ta shiga. Akwai abin nan mara nauyi da ke hawa da sauka a ciki, wanda aikinsa kawai ya kori iska daga wannan gefe zuwa wancan. Mu kira shi makori. In ya koro ta gefen wuta sai ta kumbura ta tura fistin. In ya mayar da ita gefen sanyi sai ta tsuke, fistin ya dawo. Shi ke nan asirin. Amma duba abin da ke faruwa a hanya: iskar da ta sha wuta ta taho gefen sanyi ɗauke da zafinta duka, ta zubar da shi a can. Kafin ƙiftawar ido an sake koro ta gefen wuta a sanyaye, sai an dumama ta daga farko. Sau ɗari, sau ɗari biyu a minti ɗaya ana wannan ɓarna. Wa ya ga magidancin da kullum da yamma zai watsar da ragowar hatsinsa a bola, da safe ya koma kasuwa awo?

Mutumin da ake kiran injin da sunansa ya hango wannan tun yana ɗan shekara 26, bai fi ka da yawa ba. Robert Stirling limamin coci ne a ƙasar Sikotilan, kuma a 1816 ya yi wa ƙirƙirarsa rajista. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, jigon rajistar tasa ba injin kansa ba ne; wani abu ne da ya sa a tsakanin gefen wuta da gefen sanyi, ya raɗa masa suna da kalmar da ke nufin mai tattali. Iska mai zafi in za ta wuce sai ta ratsa ta cikinsa, ta bar masa zafinta ajiya, ta isa can da ɗan sanyinta. In za ta dawo sai ta sake ratsawa ta karɓi ajiyarta, ta isa gefen wuta da ɗuminta, wuta ta ɗan ƙarasa abin da ya rage. Ni dai asusun zafi nake kiransa. A 1818 an kafa injin irin nasa yana jan ruwa daga ramin fasa dutse a yankinsu na Ayrshire, ka ga tun ranar farko jan ruwa aka sa shi, abin da kai ma kake buri.

Kafin liman Stirling, Allah Ya riga Ya yi wannan ƙira a hancin raƙumi. Ran da ka je Maigatari ranar Alhamis, tsaya kusa da raƙuman da ake kawowa daga Nijar ka dube su da kyau. Cikin hancin nan akwai ƙasusuwa sirara a nannaɗe kamar tabarma, da faɗin fili mai yawa a ɗan ƙaramin wuri. In ya shaƙi iskar dare mai sanyi, tana wucewa tana sanyaya bangon hancin. In ya fitar da numfashi mai ɗumi da laima, bangon nan ya karɓe ɗumin ya riƙe laimar, don haka ba ya asarar ruwan jikinsa kamar yadda mu muke yi. Wani masanin dabbobi, Knut Schmidt-Nielsen, ya auna wannan ya tabbatar. Kai kanka kana yin haka da hunturu, in ka ja rawani ko mayafi ka rufe hanci da asuba za ka tafi masallaci: numfashin da ka fitar ya ɗumama ƙyallen, ƙyallen ya ɗumama wanda za ka shaƙa. Buzu da amawalinsa ya daɗe da sanin wannan ilimi ba tare da allo ba.

To, mu ɗan yi lissafi, tunda kai ɗan jami'a ne, ni kuma ban manta na makarantar koyon sana'a duka ba. Bafaranshe Sadi Carnot ya nuna a 1824 cewa kowane injin zafi yana da iyakar da ba zai haura ba, kuma iyakar ta dogara ne ga tazarar da ke tsakanin zafin wutarsa da sanyin ruwansa. A ce kan injinka ya kai digiri 600, ruwan sanyaya shi kuma yana digiri 30. Ƙara wa kowanne 273, ka samu 873 da 303. Raba ƙaramin da babban, cire abin da ka samu daga ɗaya, za ka ga kashi 65 cikin ɗari. Wato ko da komai ya tafi daidai, kashi 35 na zafin dole ya tafi ruwa. Yanzu a ce iskar cikin injin tana matsuwa zuwa rabin girmanta a kowane juyi. In ka bi lissafin za ka tarar zafin da ake buƙata don kawai a ɗaga iskar daga 30 zuwa 600 ya ninka wanda ake buƙata wajen tura fistin sau biyu da ɗoriya. Babu asusu, sai kashi 65 ɗin nan ya faɗo ƙasa da 20. Da asusun da ke mayar da rabin ajiya, 30. Wanda ke mayar da kashi 80 zai ba ka 44, mai mayar da kashi 90 kuma kusan 53. Wannan lissafin takarda ne, ƙarfe ba zai taɓa ba ka shi cif ba, amma ya isa ya nuna maka inda dukiyar take. Kana iya ninka wutarka ka ƙare da murfi mai ƙuna. Ka gyara tsakiya kuwa, wutar nan da kake da ita ta yi maka aikin biyu.

Sai dai kada ka ji na yabi asusu ka tafi ka cusa masa duk abin da ka samu. Ni na yi, na kuma sha kunya.

Ina saurayi, ina koyon gyaran injin ban ruwa, aka aike mu Kano sayen kaya. A shagon wani dattijon ɗan kasuwa na ga fanka tana juyi, babu waya, babu batir, sai fitilar kananzir a gindinta. Na tsaya baki buɗe har maigidana ya daka mini tsawa. Daga baya na gane irin fankokin nan ne masu aiki da iska mai zafi, waɗanda aka yi yayinsu a Indiya da sauran ƙasashe masu zafi kafin lantarki ya wadata. Na dawo gida da zazzaɓin sai na ƙera nawa. Wani malaminmu ya zana mini hoton asusun a bayan kwalin sigari, ya ce a cika shi da siraran wayoyi. Na sayi soson ƙarfe na wanke tukunya har guda shida, na danna su cikin bututu, na sa tsinken ƙarfe ina kirɓawa kamar mai cika buhun barkono zai kai Legas. Na hura gawayi har kan injin ya yi ja. Ko motsi. Na ture wilin, ya yi rabin juyi ya dawo kamar an riƙe shi. Kwana uku ina zargin fistin, ina zargin gawayi, har maƙerin da ya yi mini walda sai da na zarga a zuci, Allah Ya gafarta mini. A rana ta huɗu na ciro bututun na sa a baki na hura. Kumatuna suka cika, iska ta ƙi wucewa. Na zare soso huɗu na bar biyu a sassauce, sai ga inji ya tashi.

Abin da na koya ranar shi ne asusu yana da haƙƙoƙi da suke jayayya da juna, kamar kishiyoyi, kuma ba ka isa ka ba ɗaya duka ka hana sauran ba. Kana son waya da yawa don iska ta samu inda za ta shafa ta bar zafinta. Amma kowace waya da ka ƙara tana tare hanya, kuma ƙarfin da inji zai kashe wajen tura iska ta cikin cunkoso daga aljihunka yake fita. Rawani ninki biyu yana ɗumama numfashi, ninki goma shaƙe mutum yake yi. Sai ka ce to bari in yi shi ƙato, mai yalwa, iska ta wuce a sake. Nan kuma wata matsalar ke jira. Duk iskar da ta zauna cikin asusu ba ta gefen wuta, ba ta gefen sanyi, zaman kashe wando kawai take yi, tana kuma shanye matsin da ya kamata ya tura fistin. Ɗauki famfon keke ka ɗaura masa tiyo mai tsawon gaba goma, ka ga ko tayar za ta yi tauri da wuri. Masu wannan sana'a suna kiran wannan mataccen fili, kuma suna rowarsa kamar mai awo da tiya. Abin da aka fi dacewa da shi a injuna masu kyau, waya ta ci kamar kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na wurin, sauran a bar wa iska. Kuma gajere mai faɗi ya fi dogo siriri sauƙin numfashi, in dai iskar tana bazuwa ko'ina a fuskarsa.

Sirantar wayar ma abin dubawa ce. A juyi ɗaya iska ba ta da lokacin zama; wucewa take kamar walƙiya. Zafi ba ya samun shiga can cikin waya mai kauri, fatarta kawai yake taɓawa, tsakiyar ta zama nauyin banza. Don haka ake neman waya mai kaurin gashin kai ko kusa da haka. Ba lallai ka samu irin wannan a Haɗeja ba, amma ka nemi raga mafi laushi da za ka iya samu, irin ta rariyar tankaɗe ko ta matatar mai, in dai ta ƙarfen nan ce da ba ya tsatsa.

Na ce wanda ba ya tsatsa, kuma da dalili biyu. Na farko, soson nan nawa na baƙin ƙarfe bai yi mako biyu ba ya zama jan gari. Gefen da ke kusa da wuta ma cinyewa ya yi, don siririn baƙin ƙarfe kamawa yake da wuta kamar auduga. Garin ya bi iska ya shiga silinda ya kankare ta. Dalili na biyu ya fi wannan zurfi. Je wurin mai shayi ka sa cokalin sanholo a kofi ɗaya, na silba, wato ƙarfen nan da ba ya tsatsa, a ɗaya, ka riƙe bakinsu. Na sanholo zai ƙona ka tun na silba bai yi ɗumi ba. Na ji kana cewa za ka kwance tsohuwar wayar lantarki ka yi amfani da jan ƙarfenta, wai ya fi kama zafi. Ya fi kamawa, gaskiya ne, amma ya fi kai tsegumi. Jan ƙarfe yana tafiyar da zafi fiye da ƙarfen da ba ya tsatsa sau ashirin da wani abu. In ka shimfiɗa shi daga gefen wuta zuwa gefen sanyi ka gina wa zafi gada, zai riƙa tsallakawa ko inji na juyi ko yana tsaye. Asusu na gari, bakinsa na gefen wuta ya zauna da zafi, na gefen ruwa ya zauna da sanyi, tsakaninsu a bi a hankali kamar matakalar bene. Shi ya sa masana suke yanka raga faifai-faifai su jera su ɗaya bisa ɗaya a gicciye da hanyar iska: kowane faifai yana riƙe nasa matakin zafi, kuma da yake taɓa juna kawai suke yi sama-sama, zafi ba ya samun sauƙin tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Bangon bututun kansa ma ka yi shi siriri iyakar yadda zai jure, don shi ma gada ne.

Sannan ka lura da gefe. Kai ɗan fadama ne, ka san ruwa in ya samu ɓaraka a kunyar fangali ba ya tsayawa shawara, can zai bi, albasa ta bushe tana kallonsa. Iska ma haka. In faifan ragarka bai cika bututu dam ba, ko da tazarar farce ce a gefe, iska za ta bar ragar ta bi ta nan, ka yi wahalar banza. Yanka su da ɗan fifiko, su shiga da ƙyar. A ƙaramin inji irin naka na gwangwani, 'yar tazarar da ke tsakanin makori da bango ita kanta tana ɗan yin aikin asusu, shi ya sa tsofaffin maƙera suke yin makori dogo, tsawonsa kamar sau uku na faɗinsa, don wuta da ruwa su yi nesa da juna. Naka gajere ne kamar kwalbar mentholatum. Fara gyara wannan tun kafin ka sayi raga.

Baƙin mai kuma ka nisanta shi da cikin injin nan. Na san hannun bakanike ba ya ganin fistin bai ɗiga masa mai ba, ni ma haka na yi. Man yana bin iska ya je ya kwanta a raga, zafi ya dafa shi ya zama kwalta, asusu ya toshe. Kuma ranar da ka kai ga ɗura wa inji iska da matsi don ya ƙara ƙarfi, wanda dole za ka kai, mai da iska mai matsi da ƙarfen da ya yi ja da wuta in suka haɗu suna iya fashewa. Wannan ba maganar wasa ba ce, ina son in ga aurenka. Goga wa fistin bakin fensir, ya isa.

Akwai wani ruɗi da nake so in kawar maka tun da wuri, don manya ma ya kayar da su. Asusu ba ya haihuwa. Abin da ka ajiye shi za ka ɗauka, har da ɗan ragi. Zafin da ya zama aiki ya tafi ke nan, dole wuta ta kawo sabo. Wanda aka zubar a ruwa lokacin da iska ke matsuwa shi ma ya tafi. John Ericsson, mutumin Suwidin da ya zauna a Amurka, injiniya ne na gaske, amma a zamaninsa ana ɗaukar zafi kamar wani ruwa da za a iya ta juya shi ba ya ƙarewa. Ya gina jirgin ruwa sukutum da injin iska mai zafi, aka gwada shi a 1853, silindarsa faɗin ƙafa 14, da tulin ragar waya a matsayin asusu. Jirgin ya tafi, amma da saurin da bai biya kuɗinsa ba, daga baya aka cire injin aka sa na tururi. Abin da ya yi kasuwa a ƙarshe ƙananan injunansa ne na jan ruwa, waɗanda aka sayar da dubbai a gidaje da gonaki. Kuma a cikinsu akwai dabarar da za ta yi maka amfani: ruwan da injin ya jawo daga rijiya shi ake bi da shi ta rigar silinda ya sanyaya ta kafin ya wuce. Ka ga gefen sanyi ya samu mai kula da shi kyauta. A nan garinmu, inda bazara ke haura digiri 40 a inuwa, kada ka yi mafarkin iska za ta sanyaya maka inji. Ruwan rijiyar fadama shi ne gatanka.

Gefen wuta ma yana da nasa labarin. James, ƙanen liman Stirling, ya kafa babban inji a wata masana'antar narka ƙarfe a Dundee, ya riƙe musu aiki daga 1843, amma gindin da wuta ke duka ya yi ta tsagewa, har a 1847 suka haƙura suka koma tururi. Ƙarfen zamanin bai iya jure wutar ba. Kamfanin Philips na Holan ya farfaɗo da maganar tun daga ƙarshen shekarun 1930, don neman abin da zai ba rediyo wuta a ƙauyukan da babu lantarki. Sun yi aiki mai kyau ƙwarai, sun ma yi amfani da hayaƙin da ke fita wajen ɗumama iskar da ke shiga murhu, wato wani tattalin a waje bayan na ciki. Zuwa farkon shekarun 1950 sun fito da janareto mai wat 200, sai ga rediyon da ke aiki da ƙananan batura ya shigo, kasuwar ta watse. Yau jiragen yaƙin Suwidin na ƙarƙashin teku suna amfani da injin Stirling saboda ba ya ƙara, amma waɗannan da iskar hiliyam ake cika su, da matsi mai yawa, da kuɗin gwamnati.

Na kawo maka waɗannan ne don ka san hanyar da ka hau akwai sawun manya a kanta, wasu sun kai, da yawa sun juyo. Ban ce ka juyo ba. Ni na fi kowa sanin abin da ya sa kake wannan. Na ga zamanin da kogi ke malala da kansa ya jiƙa fadama, a yi shinkafa, ruwa ya janye a bi sawunsa da shuka. Aka gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, malalar ta canza hali, kacalla ta cinye hanyoyin ruwa daga nan har Nguru. Jigo ya kwanta, injin fetur da rijiyar tiyo suka gaje shi. Sai ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce an cire tallafin mai, kafin mako ya zagayo kuɗin lita ya kusa ninkawa uku. Na san masu lambun da suka bar rabin fangalinsu ya bushe a ranin da ya biyo baya. Alhali ga ɓuntun shinkafa nan tsibi-tsibi a bayan kowane injin casa daga nan har Auyo da Haɗeja, wani wurin ma wuta ake sa masa don a samu fili. Kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne, kuma kilo biyu da rabi nasa yana ɗauke da zafin da ya kai na litar fetur. Injin da ba ya zaɓen abinci, ya ci ɓuntu, ya ci kara, ya ci busasshiyar kacalla, ai dole ya shiga ran mai hankali. A Bangaladash, ƙasar shinkafa da ambaliya irin tamu, wani Ba'amurke Merrick Lockwood ya shafe shekaru a cikin 1980 da 'yan kai yana ƙera injin Stirling mai ƙarfin doki biyar da ke cin ɓuntu. Ya yi aiki, amma bai bazu ba. In ka kai ga ɓuntu, ka tuna tokarsa tana da yawa, kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma yashi-yashi ce. Tana lulluɓe kan inji ta hana zafi shiga, sai ka yi masa hanyar kaɗewa.

Kuma ka buɗe ido ka ga abokin takararka. Faifan sola ya shigo fadama, yana jan ruwa ba hayaƙi ba motsi, farashinsa kuma yana sauka. Da rana tsaka ba za ka kayar da shi ba. Wurinka shi ne inda shi ba ya zuwa: dare, da kwanakin da hazo ya rufe rana, da wurin masu turara shinkafa inda wuta ke ci dama tun safe, zafi na tashi sama a banza.

Abin da na fi so ka ɗauka daga wasiƙar nan shi ne awo. Kada ka ce mini inji ya fi gudu jiya. Gudu ba tare da kaya ba ko ɗan akuya yana yi. Ɗaura zare a sandar wilin, ka rataya ledar fiya wata guda, nauyinta rabin kilo ne. Auna mita ɗaya a bango. In ya ɗaga ta cikin daƙiƙa goma, ƙarfinsa rabin wat ke nan, kuma ina zaton naka bai kai ba. Dokin inji ɗaya wat 746 ne, injin ban ruwan kawunka kuwa doki biyar ne da ɗoriya. Kada wannan ya karya maka gwiwa, don ba sai ka kai can ba. Ɗaga lita ɗaya a daƙiƙa zuwa tsayin mita biyar wat 50 kawai yake ci in ban da asarar famfo, kuma a awa takwas ya haura duro 140. Injin wat 100 na gaskiya zai riƙe ƙaramin lambu. Amma tsakanin rabin wat da ɗari akwai tafiya, kuma ba ta ƙarewa kafin wannan ranin.

Sayi littafi mai layi. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane gwaji: yau faifan raga ashirin, gobe talatin, jibi arba'in, wuta iri ɗaya, ruwa iri ɗaya, ka rubuta daƙiƙoƙin da ledar ta yi, ka rubuta zafin ruwan sanyaya bayan minti goma. Za ka ga ƙarfi yana hawa, ya tsaya, ya fara sauka; ruwan kuma yana rage saurin ɗumi. Wurin da suka daidaita babu littafin da zai faɗa maka shi, don ragarka da bututunka ba irin na kowa ba ne. Mohammed Bah Abba, malamin da ya koyar a Dutse, da tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, kuma shekaru ya yi yana gwaji kafin ya kai tukwanen ƙauye. Kai ma kada ka tara manoman garinmu ka yi musu alkawari tukuna. Manomi yana yafe wa sama in ta saɓa, amma ɗan boko in ya saɓa sau ɗaya, shekara goma ana ba da labarinsa a majalisa.

Na bincika akwatina na ƙarfe na tarar da guntun raga mai laushi da na cire daga wata tsohuwar matata, zai yi faifai talatin in ka yanka da tattali, da bututun silba siriri mai tsawon taƙi ɗaya. Almakashina ya dushe, ka taho da naka. Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko, ka biya ta ɗakin gwajinku ka aro ma'aunin zafi in za su ba ka. Kakarka ta ce in gaya maka rariyarta da ta ɓata ta san inda take, kuma ka dawo mata da ita kafin hannunka ya kai ga almakashi.

Kakanka.